Cinikin Daƙiƙa a Gonar Albasa

"Ni Zayyanu, in nic ce ma kwamfuta tsaya, tsayawa ta ka yi. Tun daga Rabah har bakin madatsar Goronyo, babu gyaran da ka shiga cikin kanel sai na sa mai hannu."

Haka ya faɗa, wallahi, a teburin mai shayi, da kunnena na ji. Yana faɗa yana gyara wani farin tabarau da ba likita ya ba shi ba. Abokina, ka san irin mutumin nan da in ya je birni ya kwana biyu, sai ya dawo yana tambayar yara hanyar gidansu? To ka san Zayyanu ke nan.

Asalinsa dillalin albasa ne, kuma a nan kam gwani ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya san lokacin zuba albasa a rudu, wato rumfar karan da ake ajiye ta har ta yi daraja, ya kuma san lokacin fito da ita. Ƙaddara ce ta kai shi wani shagon koyon kwamfuta a Sakkwato, ya yi 'yan watanni, aka ba shi takardar shaida mai jan tambari. Ya kai wa mai gilashi aka yi mata gida, ya rataye a zaure daidai inda baƙo zai buga kai. Tun daga ranar ya daina amsa sallama sai an ce Injiniya. Mu kuwa a bayan idonsa Injiniyan Rudu muke cewa.

Yanzu bari in gaya maka yadda kwamfuta ta shigo gonakinmu. Mu manoman rani ne a gefen Kwargaba, ruwan da ake sako mana daga madatsa shi ne abincinmu. A da, rabon ruwan nan har sanda ake ɗaga wa juna a kansa. Sai Allah Ya haɗa mu da Malam Simeon, mutumin Zonkwa, mai koyar da kwamfuta a sakandare, mutum mai sanyin hali kamar randa. Shi ya haɗa mana wani ɗan akwati, bai fi burodi ba, ya ajiye a ɗan ɗaki bakin magudana da sola da batir. Akwatin nan shi ke buɗe ƙofar ruwan kowace gona bi da bi. In gonar ta sha, ya rufe, ya rubuta a cikinsa cewa wane ya sha, ya wuce na gaba. Abin murɗa ƙofa da hannu kuwa aka garƙame shi da kwado, makulli na aljihun shugaban ƙungiya, Alhaji Abdulƙadiri. Faɗa ya mutu.

Ranar da aka tsara layi, Zayyanu ya tsaya kai da fata sai an sa gonarsa a farko. Wai bai kamata mai ilimin na'ura ya bi bayan mai garma ba. Da yake ƙanwar Alhaji yake aure, aka bar masa don a zauna lafiya. Sale mai shinkafa na biye da shi, ni kuwa da ɗan tattasaina ni ne can wutsiya. A shekarar da nake ba ka labari, albasar Zayyanu ta yi kyan da ko maƙiyi ya gani sai ya ce tubarkalla. Duk abin da ya mallaka ya zuba a cikinta. Ta kusa nuna, ta kai lokacin da ake rage mata ruwa, don kowa ya san albasa in ta ƙosa aka cika mata ruwa, ruɓewa take yi a ƙasa.

Malam Simeon ne da bakinsa ya jawo mana. Ya ce a duniyar masu haɗa irin wannan tsari, ba wanda ke sa gyaransa sai wani ya duba, ko da kuwa shi ne malamin malamai. Ya roƙi a ba shi mutum ɗaya ya zama ido na biyu. Aka duba hagu aka duba dama, takarda guda ce a garin, tana rataye a zauren Zayyanu.

Rannan da hantsi Simeon ya zo da kwamfutarsa ta cinya, ya same mu a inuwar ɗan ɗakin. Ya ce ya yi gyara a kanel, wato uwar tsarin da ke juya duk abin da ke cikin akwatin. Ya yi mana bayani a hankali, har ni da ban yi boko ba na gane. Akwatin yana da wurin ajiya biyu. Akwai ƙwaƙwalwa, mai sauri, amma da wuta ta ɗauke ta manta komai. Akwai kuma memori, irin na waya, wanda ba ya mantuwa, sai dai yawan rubutu na cinye shi. To kanel ba ya rugawa memori da kowace 'yar magana. Yakan tara shafukan a ƙwaƙwalwa tukuna, bayan ɗan lokaci ya kwashe su ya kai. Simeon ya ce memorinmu na mutuwa da wuri, don haka ya tsawaita jiran daga daƙiƙa biyar zuwa talatin. Sannan ya ƙara wasu layuka masu cewa duk sa'ad da aka rufe ƙofar wata gona, a kai labarin memori nan take, ba jira.

Ya miƙa wa Injiniya ya duba.

Abokina, ka taɓa ganin dillali na duba buhun albasa? Ya leƙa baki, ya juya ya taɓa gindi, ya zira hannu a tsakiya ya zaro guda ya shinshina. Haka gogan naka ya yi wa gyaran nan. Ya karanta layin farko, ya gangara ƙasa da gudu ya karanta na ƙarshe, ya dawo tsakiya ya dangwala yatsa a kan gilashi. Yatsan ya sauka a kan talatin. Ya ture kwamfutar gefe, ya kau da kai.

"Albarka," in ji shi.

Simeon ya ce, "Albarkar me, Injiniya?"

"Talatin ta yi kaɗan. Ƙara."

Simeon ya yi murmushi, ya ce ai ba tayi ya yi ba, lissafi ne. Zayyanu ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sallamawa a tayin farko ba, kuma ba a kan kanel zai fara ba. Mai dubawar da ya duba bai ce komai ba, ina amfaninsa? Sai a ce an ba shi goro ne. Ya nemi a mai da jiran wuni guda. Simeon ya dafe kai. Zayyanu ya sauko rabin wuni, ya ce don darajar makwabtaka. Simeon ya ce in wuta ta ɗauke a tsakani, duk abin da ke ƙwaƙwalwa ya tafi. Zayyanu ya tashi ya karkaɗe riga kamar zai tafi, ya yi taku uku yana jiran a kira shi. Ba wanda ya kira shi, ya dawo da kansa.

Sai idonsa ya faɗa kan layukan nan na kai labari nan take. Ya tambayi aikinsu, aka gaya masa. Nan fa ya samu abin yi.

"Malam Simeon, kai malami na, amma ba ka san sufuri ba. Wa ka ɗaukar mota zuwa Legas da buhu guda? Tarawa a ka yi, a cika ta har bisa, sannan ta tashi. Wanga akwati naka ɗan acaba na, fasinja guda shi ruga. Mi za shi hana memori mutuwa?"

Gaskiya ni kaina a lokacin sai da na gyaɗa kai, don maganar ta yi daɗin ji. Simeon ya ce motar albasa in ta lalace a hanya albasar na nan, wannan kuwa in ta tsaya kayan ɓacewa suke yi. Suka yi ta ja har azahar. A ƙarshe, don a rabu lafiya, Simeon ya yarda da minti ɗaya, amma ya ce layukan nan ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai cire ba. Zayyanu ya ce ya sallama, ya kama hannun Simeon ya girgiza kamar an sayar da sa a kasuwar Gandi.

Kuskuren Simeon ɗaya ne. Hutun Ista ya zo, zai tafi gida, washegari motar safe zai bi. Sai ya bar wa mai dubawa kwamfutar, ya nuna masa inda zai danna gyaran ya shiga akwati. Ya ce dannawa kawai, Injiniya, kada ka taɓa komai. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Zayyanu, Farfesan Fangali, ya zauna ya naɗe hannun riga. Ya jera wa lambar nan sifiri kamar ƙwai a faranti. Ya bi duk inda aka ce a kwashe in kaya sun yi kaza, ya mai da shi sai mota ta cika maƙil. Layukan ɗan acaba kuwa ya share su tas. Ya danna. Akwatin ya mutu ya farfaɗo, sabon zagaye ya fara, kuma abin da ke rubuce a memori a wannan lokacin shi ne: layi na kan Zayyanu.

Da yamma ya zo teburin shayi ya ba da sanarwa. Ya ce kowa ya shaida, gyaran Simeon ɗanye ne, shi ya dafa shi da hannunsa. Ya ce ko Turawan da suka ƙirƙiro abin ba su kai nan ba, kuma yana tunanin aika musu su ƙaru. Ya sa aka ƙara masa madara.

To batirin ɗakin nan tsoho ne. Kullum gab da fitowar rana yakan yi ɗan suma, akwatin ya mutu, in rana ta taɓa sola ya tashi. A da ba wanda ya damu, don in ya tashi yakan duba memori ya ci gaba daga inda ya tsaya. Washegari ya tashi ya duba memori. Duk aikin jiya na ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa kuwa ta yi wanka. Memori ya ce layi na kan Zayyanu. Akwati ya buɗe wa Zayyanu.

Gogan ya zo ya ga fangalansa, wato 'yan gurabun ban-ruwan gonarsa, sun sake cika, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce mu duba, na'ura ma ta san mai gidanta. Kashegari ta sake gaishe shi. Wanshekare ma haka. Dariyar ta fara gajarta. Sale mai shinkafa kuwa, da yake shi ke biye kullum yana samun ruwa, sai sa albarka yake, yana cewa bai taɓa ganin shugabanci mai adalci irin na bana ba. Ni ko a wutsiya ko ɗigo ban gani ba, tattasaina ya sunkuyar da kai, raina ya ɓaci ƙwarai. Na same shi na ce, Injiniya, lafiya akwatin nan? Ya ce in bar abin da ban sani ba, tsarin na daidaita kansa ne.

Amma da ya ga ganyen albasarsa ya fara rawaya, sai ya shiga bincike. Ya shiga ɗakin, ya dafa akwatin, ya ji ɗumi. Ya fito ya ce ya gano cutar, zafin bazara ne ke juya masa kai. Ya aika gida aka ɗauko fankar ɗakin amaryarsa Kaltume, tana ƙunƙuni tana ba da ita. Ya kafa wa akwati fanka, ya jona ta a jikin batirin nan dai mai suma. Da ya ga wuri ya yi sanyi, sai ya kawo tabarma, ya jona wayarsa, ya jona 'yar rediyo, ya mai da wurin ofis.

Batirin da ke suma sau ɗaya a wuni ya koma suma kamar mai farfaɗiya. Duk suma, akwati ya tashi ya tambayi memori, memori ya ce Zayyanu. Kafin ya gama da Zayyanu ya wuce gaba, ya sake sumewa, ya sake tashi, ya sake tambaya. Yanzu ko Sale ya daina samu. Ruwan ƙungiya gaba ɗaya ya koma bin hanya guda, fangalai suka haɗe, kunyoyi suka nutse.

Na ce masa ya je wurin Alhaji ya karɓo makulli a rufe da hannu. Ya kalle ni kamar na zagi kakansa. Ya je ya ce wa surukinsa me? Bayan duk garin ya ji shi a teburin shayi? Na ce to ya kira Simeon. Ya ce ɗalibi ba ya gyara wa mai dubawa.

Sai dabara ta zo masa, har da tafi. Ya ce abu mai sauƙi, zai cire gonarsa daga farko ya kai ta ƙarshe, ni ya kawo ni gaba. Ka ji mutumin da ya ce ba ya bin bayan mai garma. Ya zauna ya canza layi, ya nuna mini sunana a sama, ƙofarsa ta rufe, tawa ta buɗe. Na ruga gona da murna, na tarar ruwa ya fara leƙowa, ko fangali ɗaya bai jiƙa ba ya tsaya. Ashe sabon layin ma a ƙwaƙwalwa ya zauna yana jiran mota ta cika. Fanka ta ja, batir ya suma, akwati ya tashi da tsohon karatunsa. Sau nawa ya canza layin nan a ranar, Allah kaɗai Ya sani. Yana canzawa yana zufa, yana ƙara wa fanka gudu.

Daga nan ya bar ilimi ya koma ƙarfi. Ya tuɓe babbar riga, ya cika buhunan albasa da ƙasa, ya shiga toshe bakin ƙofa. Ruwan madatsa ba ya jin Turanci. Ya zagaye buhunan, ya ci gefen kunya, ya buɗe wa kansa sabuwar hanya mai faɗin ta farko biyu. Santsi ya kwashi Injiniya ya zauna daɓas, tabarau ya bi ruwa.

A haka Alhaji Abdulƙadiri ya same shi, don 'yan wutsiya mun gaji mun kai ƙara. Dattijon ya tsaya a kan tudu, ya dubi inda gona take a da, ya dubi mijin ƙanwarsa zaune a laka har ƙugu.

"Zayyanu, mi ag ga haka?"

"Alhaji, aikin Simeon na. Ni dama nic ce gyaran nan ɗanye na."

Sale ya ce a'a, Injiniya, ai cewa ka yi ka dafa shi da hannunka, har madara anka ƙara ma. Mutane suka ce ƙwarai, sun shaida, shi ya ce su shaida. Alhaji ya sa hannu a aljihu. Ya zaro makulli ya ba ni, na murɗa ƙofar na rufe, shi kuma ya kira Simeon a waya ya buɗe murya don kowa ya ji. Simeon ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko an taɓa layukan nan. Alhaji ya miƙa wa Zayyanu wayar, gogan ya kau da kai yana laluben tabarau a laka. Simeon ya ce to ba komai, a cire fankar, a mayar da tsohon memorin da ya bari a cikin gwangwani a kan taga, in ya dawo sai a sake duba gyaran tun daga farko. Ya ƙara da cewa a gaishe masa da Injiniya da aiki. Ni dai na fi jin zafin gaisuwar nan a kan zagi, ko da yake ba ni aka yi wa ba.

Kafin la'asar ruwa ya iso gonata, tattasai ya sha, na yi hamdala. Amma gonar Zayyanu a kwari take, ruwan ya samu wurin zama, bai da niyyar tashi. Washegari da hantsi na biyo ta wurin na gan shi tsaye a ciki har gwiwa, yana laluben ƙasa. Ya zaro albasa guda, ya matsa, ta fashe a hannunsa kamar dafaffiyar kabewa. Ya zaro wata, haka. Wari ya tashi. Wallahi a nan ya ba ni tausayi, don guminsa ne na shekara. Na ce Allah Ya mayar da alheri. Ya ce in daina yi masa jaje, ta ƙasa-ƙasan lafiyarta lau, shi ya san irin da ya shuka, kuma wannan wata hanya ce ta noman zamani da ba mu kai gare ta ba tukuna.

Yana cikin wannan bayani sai ga wani tsoho ya gangaro daga hanyar Goronyo, da gora a kafaɗa da koma a hannu. Baƙo ne, bai san kowa ba. Ya yi sallama, ya ce sunansa Ƙasimu, masunci ne. Ya ce tun da aka gina madatsa yake yawon ruwan ƙasar nan, ya san kowane tabki da sunansa, amma wannan bai taɓa ganinsa ba. Ya tambayi wa ke da iko da shi, don shi ba ya jefa koma sai da izini.

Zayyanu ya miƙe, ya gyara tsayuwa, laka na zuba daga gemunsa.

"Baba, wanga ba tabki ba na. Gonar albasa ta, kuma ni ad da ita. Injiniya Zayyanu."

Tsohon ya ce Allah Shi ba shi haƙuri, tsufa ne. Ya sa hannu ya kare rana, ya daɗe yana duban ruwan. Can gefen gabas wani abu ya yi ɓul, ya kaɗa wutsiya, ya nutse. Wani ya biyo shi.

"To madalla, Injiniya, Allah Shi sa albarka," in ji Ƙasimu, yana warware koma. "In ka yarda, ni daga gabas za ni hwara ma girbin. Nan na albasar taka tah hi motsi."